Manhajar Masu Cutar Mantuwa: Awon Wa Aka Ɗauka?

A watan Satumba na 2022, ƙungiyar Alzheimer's Society ta Birtaniya da hukumar Innovate UK suka buɗe wata gasa mai suna Longitude Prize on Dementia. An zuba mata sama da fam miliyan 4, miliyan 1 daga ciki na wanda ya zo na ɗaya ne shi kaɗai. Abin da ake nema shi ne na'ura ko manhaja da za ta taimaki mai cutar mantuwa ya ci gaba da zama a gidansa yana tafiyar da harkokinsa da kansa. Sharaɗin da aka gindaya ya fi kuɗin jan hankali: duk mai son shiga, sai ya ƙera abinsa tare da masu cutar. Har kwamiti aka kafa na masu cutar da masu jinyarsu, yana duba ayyukan yana faɗin ra'ayinsa.

Duk inda aka kawo wannan zance, ba a rasa mai kaɗa kai. Mutumin da ya gama cin tuwo yanzu ya ce tun safe ba a ba shi komai ba, wanda yake kallon 'yar cikinsa yana tambaya 'yar gidan wa ce, shi za a zaunar a tambaya inda za a sa maɓalli? A tambayi matarsa mana, ko babban ɗansa, ko likitansa. Maganar tana kama da gaskiya, shi ya sa ta daɗe tana ɓarna. Shekara da shekaru haka masu ƙera irin waɗannan kaya suka yi ta yi. Su zauna da masu jinya, su zauna da likitoci, su koma ofis su ƙera, sai an gama tsaf a kai wa mai cutar a ce ga naka. Da yawan kayan a durowa suka ƙare.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cutar kamar dare ɗaya take faɗa wa mutum gaba ɗayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ke ɗauke da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa kowace shekara. Tsohon da ya daina gane iyalinsa yana ƙarshen hanya ne. Kafin a kai can akwai shekaru, wani sa'in masu yawa, da mutum ke zuwa kasuwa, yana hawa mota, yana riƙe da wayarsa, ya kuma san sarai abin da ke kuɓuce masa. Waɗannan su ne manhaja za ta amfana, kuma su ake tsallakewa.

Wendy Mitchell na cikinsu. Ta yi shekara 20 tana aiki a hukumar lafiya ta Birtaniya, tana tsara jadawalin aikin ma'aikatan jinya, kafin a gano tana da cutar a 2014, tana da shekara 58. Bayan nan ne ta fara rubuta abin da ya same ta kowace rana, don ta san gobe ba za ta tuna ba, har ta fitar da littattafai 3 tare da wata marubuciya kafin rasuwarta a Fabrairun 2024. Abubuwan da ta bayyana ba wanda zai hango su daga waje. Kabad-kabad ɗin kicinta suka riƙa sajewa da bango har ta manta akwai su, sai aka ɗauki hoton abin da ke ciki aka manna a ƙofar kowanne. Yunwa ta daina yi mata sallama, sai ta saita ƙararrawa a iPad ɗinta tana tuna mata lokacin abinci da na magani. Kiran waya ya zame mata azaba, domin murya ce babu fuska, kuma mai kira ba ya jira ta harhaɗa amsa. Kiran bidiyo ya fi mata daɗi nesa ba kusa ba. Bakinta ya yi nauyi, amma yatsunta a kan madannai suna gudu kamar dā. Wanda ya tambayi likita zai ji sunan cutar da matakanta. Ba zai ji cewa ga matar da rubutu ya fi wa magana sauƙi ba, alhali yana can yana shirya mata manhajar da ake sarrafawa da murya, don a ganinsa ita ce mai sauƙi.

A Jami'ar Newcastle aka ga bambancin ƙarara. Babban abin da ke hana iyalin mai cutar barci shi ne fita: ya zura takalmi ya kama hanya, magariba ta yi ba a gan shi ba. In ka tambayi mai jinya me yake so, amsar a bakinsa take, abin da zai nuna masa inda tsohon yake ko da yaushe. Farfesa Louise Robinson da abokan aikinta suka tambayi masu cutar su ma. Ashe abin da iyali ke kira gantali, su a wurinsu tattaki ne da suke jin daɗinsa, kuma ba sa son a mayar da su abin leƙe. A aikin da aka kira KITE, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2009, sun nemi na'urar da za su yi magana da gida ta cikinta, gida ma ya yi magana da su, wadda za ta nuna musu hanyar komawa in sun rikice, ta kuma riƙa sauyawa yayin da ciwon ke ƙaruwa. Suka nace a yi ta ƙarama, marar nauyi, wadda ba za ta yi shelar ciwonsu ga duk wanda ya gamu da su a titi ba. A ƙarshe samfuri biyu aka ƙera wa mutum biyu: abin ɗaurawa a damtse ga wani mai son gudun motsa jiki, da wani mai kama da ɗan littafin rubutu ga wata mata.

Fasahar GPS ɗin ɗaya ce a abin da mai jinya ke so da abin da mai cutar ke so. A hannun mai jinya tana amsa tambayar "ina yake?" A hannun mai cutar tambayar ita ce "ina nake, ta ina zan koma?" Fuskar wayar da za a zana wa ta farko ba ita ce ta biyu ba. Babu laifin mai jinya a nan, tsoronsa na gaskiya ne, kuma shi ke kwana da shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko inda niyya ta fi kyau, hasashen mai lafiya yakan kauce. Kusan duk matashin da ya yi tunanin yi wa kakarsa manhaja, hotunan iyali ne ke fara faɗo masa: ga ranar aurenta, ga jikoki, ga marigayi mijinta. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike a jami'o'in Dundee da St Andrews, cikinsu har da Norman Alm da Arlene Astell, suka gina wani tsari mai fuskar taɓawa, CIRCA, don tayar da hira tsakanin masu cutar da masu kula da su. Suka lura da abin da ba a zata ba. In aka nuna wa mutum hoton danginsa, hirar takan juye jarrabawa. Wane ne wannan? Ba ki gane shi ba? Ɗanki ne fa. Ta yi ta laluben suna, ta san ya kamata ta sani, ta kasa, kunya da damuwa su rufe ta. In kuwa hoton tsohon titin gari ne, ko wata waƙar zamanin ƙuruciya, babu amsar da za a ce daidai ce ko kuskure, sai labari ya ɓalle. Daga baya, a Sheffield, Astell da Phil Joddrell suka ba masu cutar wasanni biyu a iPad: karta ta Solitaire da suka sani tun tuni, da wani sabon wasan fasa ƙwallaye masu launi da ba su taɓa gani ba. Kowa zai ce tsohon sani ne zai yi nasara. Sai mafi yawa suka yi nisa a sabon wasan, kaɗan ne suka yi gaba a kartar, domin kartar da ke bayan gilashi ba ta ɗaukuwa yadda hannu ya saba ɗaukar ta takarda. Masu binciken suka kai abin da suka gani ga kamfanonin wasannin, aka yi gyara.

To amma duk wanda ya ce aikin mai sauƙi ne bai taɓa zama a ɗakin ba. A ce ga tebur, ga shayi da biskit, ga mutum shida da masu rakiyarsu, ga wani matashi da kwamfutarsa. Abu biyu aka koya masa a makaranta. Ya tambayi mutane me suke so manhaja ta yi musu, sannan ya zana fuskar waya a takarda ya ce su ɗauka waya ce, in sun danna nan me suke zaton zai fito. Duka biyun sun dogara ne da abin da cutar ke saurin cinyewa, wato iya ƙiyasta abin da ba ya gabanka da riƙe abu biyu a ka lokaci guda. Ga matar da ke gefensa, takarda takarda ce. Za ta ɗauka, ta juya bayanta, ta ninke ta, ta sa a jaka. Dole a kawo mata abin da ke aiki na gaske, wanda za ta taɓa ya amsa. Ma'ana sai an kashe kuɗin ginawa kafin a san ko ana son abin, ga shi kuwa dalilin zanen takarda tun farko shi ne a tsira da wannan kuɗin.

Sai kara. Duk Bahaushen da ya taɓa koya wa mahaifinsa waya ya san ta. "Baba, ka gane?" "Na gane, Allah Ya yi maka albarka." Bai gane ba, ba ya dai son wahalarka ta tashi a banza. Mai cutar mantuwa ya fi kowa ƙwarewa a wannan, domin ya daɗe yana rufe giɓi da murmushi da "haka ne" don kada a gano shi. In aka tambaye shi ko manhajar ta yi, zai ce ta yi ƙwarai. Mai hankali hannunsa yake kallo. Yatsa ya ɗan daɗe a kan alama, sai alamomin duka su kama rawa suna jiran a goge su. Gefen tafin hannu ya taɓa gilashi, shafi ya tsallake. Saƙo ya fito ya ɓace kafin a kai ƙarshen layin farko. Ya tsaya tunani, fuskar ta yi duhu. Talla ta faɗo da ɗan kuros ɗin rufewa da ko mai lafiyar ido sai ya ƙura. A nan ba zai ce manhajar ba ta da kyau ba. Cewa zai yi ya ɓata musu abu, ya ajiye a hankali, kuma da wuya ya sake ɗauka.

Mai rakiya ma matsala ce ta kanta, duk da ba a iya aikin sai da shi. Mai cutar yana buƙatar daƙiƙu masu yawa kafin kalma ta zo, shirun kuwa yana ƙona mijin da ya saba ceto matarsa daga jin kunya, sai ya amsa mata. Ƙungiyoyin masu cutar a Birtaniya da ke ƙarƙashin haɗakar DEEP sun samo wa taronsu magani: wani kati rawaya da mutum zai ɗaga in yana son magana, a tsaya a saurare shi kafin abin ya gudu daga kansa. Wasu masu bincike kan raba ɗaki, masu jinya su yi nasu zaman, masu cutar su yi nasu. Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen. Niels Hendriks, wani mai nazarin ƙira a Beljiyam da ya daɗe yana wannan aiki, shi da abokan aikinsa sun yi gargaɗi cewa mai ƙira yakan ƙagu ya ji wani abu, har in mai cutar ya furta kalma biyu sai a ɗora musu gini. Mace ta ce shuɗin nan ya yi kyau, watakila labulen ɗakin take nufi, sai a rubuta a rahoto cewa masu cutar sun fi son shuɗi.

Duk waɗannan haƙuri da ladabi na rage su. Akwai wadda ba sa kawarwa. Mai ƙera manhaja tela ne. Tela yakan auna mutum sau ɗaya, ya rubuta a littafi, ya yanka yadi, ranar karɓa riga ta zauna daram. Wannan telan kuwa yana ɗinka wa wanda awonsa na safe ba shi ne na yamma ba. Ya zo gwaji ranar Talata ya ce a rage hannu. Wata Talatar ya dawo bai tuna rigar ba, bai tuna telan ba, yana tambaya wa ya ce a rage hannu. Ɗinkin kuma ba na sati biyu ba ne. Tsakanin neman kuɗi da neman izini da gini da gwaji, shekara ɗaya ko biyu ba wuya ta shige. Kafin a sa maɓalli na ƙarshe, mai rigar ya rame ta yi masa yawa, wani an mayar da shi gidan jinya, wani ya riga mu gidan gaskiya. Telan da ya gaji ya ce bari in auna ɗansa, ai tsawonsu ɗaya, shi ne ya haifar da kayan da ke cikin durowa. Wanda ya daure ya ɗinka wa mutumin daidai jikinsa, sai ya ci karo da wata: riga ɗaya ya yi wa mutum ɗaya, kamfani kuwa dubbai yake son sayarwa. Samfurin Newcastle guda biyu na mutum biyu ne, kuma da an musanya su da ba wanda zai amfana.

Jikunan ma ba iri ɗaya ba ne, domin cutar kanta iri-iri ce. Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ita ce ke fara cin sabon tunani. Akwai mai biyo bayan toshewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, abokiyar tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Akwai ta Lewy, mai sa mutum ya yi garau da safe ya rikice da rana, ya kuma ga abin da babu. Akwai mai taɓa gaban ƙwaƙwalwa, ta canza hali ko ta ƙwace kalmomi tun tunani na nan. Marubucin Ingila Terry Pratchett, wanda aka gano tasa a 2007, ɓangaren baya na ƙwaƙwalwarsa cutar ta kama, inda ake fassara abin da ido ya gani: idon lafiya lau, amma abu na gabansa bai same shi ba. Agnes Houston ta Scotland, wadda aka gano tata a 2006, ta gaji da yadda kowa ke yi mata zancen mantuwa alhali gani da ji ne ke wahalar da ita, sai ta tattara labaran 'yan uwanta masu cutar ta fitar da ɗan littafi a 2015. Irin waɗannan bayanai ne suka nuna cewa baƙar tabarmar ƙofa kan koma rami a idon wasu, zanen kafet ya riƙa motsi, ƙarar da ba ta damun kowa ta zama guduma. Mai zana baƙin maɓalli a kan fari, ko rubutu ruwan toka a kan toka don ya yi kyau, ko mai sa 'yar ƙara duk lokacin da aka danna, yana buƙatar wanda zai gaya masa wannan.

Mai cutar yana iya koyon sabon abu, wannan ma mutane ba su yarda ba. Abin da hannu ya koya ta maimaitawa yakan daɗe fiye da abin da aka faɗa wa kunne. A nuna masa wuri ɗaya, hanya ɗaya, kullum, ba tare da an bar shi ya yi ta kuskure ba, yatsa zai san hanya ko da bai tuna wanda ya koya masa ba. Watanni ake yi ana wannan. Sai wani dare wayar ta sabunta kanta, koren maɓalli ya koma sama, ya zama fari. Ga mai lafiya tsaki ne na minti biyu. Ga wannan mutum, aikin watannin nan ya rushe, kuma ƙila ƙwaƙwalwar da ta koya a bara ba ta da sauran ƙarfin koya bana. Haka kalmar sirri mai haruffa da lambobi da ake cewa a canza, da lambar tantancewa da ke mutuwa kafin a kwafe ta. Manyan kamfanonin waya sun yi ƙoƙari wajen makafi da kurame. Sun daɗe ba su ɗauki tsayuwar abu a inda aka bar shi a matsayin buƙatar lafiya ba.

Sai batun yarda. Dokar Ingila da Wales ta 2005 kan ikon yanke shawara ta kafa ƙa'ida mai kyau: ana ɗaukar kowa yana da hankalin yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kowace magana daban ake duba ta. Mutum zai iya kasa lissafin kuɗinsa na banki amma ya san sarai ko yana son zama a wannan ɗaki. Sai dai sa hannu a takarda ranar farko bai isa ba ga wanda ba zai tuna ya sa ba. Shi ya sa Jan Dewing, farfesar aikin jinya, ta fito da tsarin sabunta yarda a kowane zama. A sake gabatar da kai, a sake bayani, a kuma karanta jiki. Wanda ya ture wayar, ya fara laluben jakarsa, yana duban ƙofa, ya janye yardarsa ko bai furta ba. Wannan yana cin lokaci, kwamitocin ɗa'a na jami'o'i ma sukan ci nasu watannin. Shi ya sa masu bincike da dama ke bin gajeriyar hanya, su rubuta cewa an cire masu cutar ne don a kare su. Kariyar da ke ƙarewa da rufe wa mutum baki a kan abin da shi zai riƙe a hannu, ya kamata a sake duba ta.

Abin takaicin, duk wannan taka-tsantsan a jami'a ya tsaya. Kasuwar manhajoji ba ta da mai gadi. A 2017 wasu likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka, cikinsu har da Ipsit Vahia da John Torous, suka duba manhajojin iPhone da suka shafi cutar. Guda 72 ne ke karɓar bayanan mai amfani da su, 33 kacal ke da rubutacciyar ƙa'idar abin da za su yi da bayanan. Ana maganar sunayen magunguna ne, da hotunan iyali, da inda mutum yake kwana, na mutanen da 'yan damfara suka fi nema. Shekara guda kafin nan, a Janairun 2016, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallar cewa wasanninsa na ƙwaƙwalwa suna kare mutum daga cutar, ba tare da hujjar kimiyya ba. Irin tallar ba ta mutu ba, tana nan tana yawo a wayoyi, kuma tsoro ne ke sayar da ita.

Inda abin ya yi kyau, masu cutar ne suka fara kafa ƙa'idar zama. A 2002 James McKillop da wasu masu cutar suka kafa ƙungiyar Scottish Dementia Working Group, wadda su ke tafiyar da ita da kansu. Daga baya suka rubuta wa masu bincike sharuɗɗa: a bi lokacin mai cutar, ba agogon mai bincike ba, a tambaye shi wane lokaci ya fi garau, a ba shi hutu, a yi magana ba da yaren jami'a ba. Jagororin DEEP kan rubutu sun sauko har ƙasa: haruffa manya marasa ado, ban da rubutu mai karkata, hoto na gaske ya fi zanen barkwanci da ke sa babba ya ji an mayar da shi yaro. A 2015 aka fara shirin Dementia Diaries, aka ƙera wa masu cutar wata 'yar waya ta musamman, babu lambar bugawa, babu jerin zaɓi. Ka danna, ka yi magana, ta naɗa, masu sa-kai su rubuta abin da ka faɗa. Gidajen tarihi na Liverpool kuwa a 2014 suka fitar da manhajar My House of Memories, wadda aka tsara tare da masu cutar da masu jinyarsu. Kayan yau da kullum ne a ciki na shekarun 1920 zuwa 1980, irin su tikitin sinima da keken ɗinki na Singer da tsohuwar takardar sule goma. Darasin Dundee ke nan, abin da zai ja labari ba tare da an yi wa kowa jarrabawa ba.

Ko a nan sai da aka tarar da giɓi. Masu zuwa irin waɗannan taruka galibi Turawa ne masu ilimin boko, masu bakin magana, waɗanda cutar ba ta yi nisa ba. Tikitin sinimar Liverpool ba ya tayar da komai a zuciyar dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a Yemen, ga su kuwa da yawa a birnin. Sai da aka koma aka zauna da dattawan al'ummar Yemen ɗin, aka yi musu nasu sashe da kayansu, da Larabci da Ingilishi.

Wannan ne wurin da zancen ya taɓa mu. Tun 1992 ake nazarin cutar a Ibadan tare da Jami'ar Indiana, kuma a can ne Olusegun Baiyewu da abokansa suka ga gwajin da ke cewa tsoho ya kwafi zane da biro yana kayar da lafiyayyun da ba su taɓa riƙe biro ba. Suka maye shi da jera tsinkayen ashana. Wannan dabara ta shiga gwajin IDEA da aka tantance a Tanzaniya da Najeriya, har aka mayar da shi manhaja ga ma'aikatan lafiya na ƙauyukan yankin Kilimanjaro. In gwajin minti goma ya buƙaci wannan gyara, ina ga manhajar da tsoho zai rayu da ita? A gidajenmu wayar sau da yawa ta gida ce ba ta mutum ɗaya ba. Dattijo yana iya karanta ajami bai san boko ba. Mai jinyar matarsa ce ko surukarsa, wadda ba za ta iya cewa gyara a gabansa ba. Iyali kuma sukan ɓoye abin, su ce gigin tsufa ne, ko su ɗora wa iska da sammu, a rufe shi a ɗaki don kada a ji. Matashin da ke koyon ƙera manhaja a Kano ko Kaduna, in ya kwafo ta Liverpool ya fassara maɓallanta da Hausa, bai yi komai ba tukuna. Hukumomin da ke ba da kuɗin irin waɗannan ayyuka suna da ikon yin abin da gasar Birtaniya ta yi, su tambayi masu cutar nawa aka zauna da su, sau nawa, me aka canza saboda maganarsu. Ba a cika jin an yi tambayar ba.

Cikin sharuɗɗan ƙungiyar Scotland akwai wanda aka fi saɓawa: a dawo a gaya musu abin da aka yi da maganarsu. Yawancin waɗannan manhajoji da tallafin shekara biyu ko uku ake gina su. Kuɗi ya ƙare, ɗalibin ya karɓi digirinsa ya tafi, babu mai biyan kuɗin ajiyar bayanai, babu mai gyara ta in Android ko iPhone sun sauya tsari, sai wata rana ta ƙi buɗewa. Wanda ya ba da safiyoyinsa masu kyau, waɗanda ya san ƙidayayyu ne, ya cancanci a biya shi ladan lokacinsa kamar kowane mai ba da shawara, a aika masa da sakamakon cikin harshen da zai gane tun yana iya karantawa, a kuma rubuta tun ranar farko wanda zai riƙe manhajar bayan tallafin ya ƙare.